Unguwar da Ta Ce Ba Ta da Matsala

Shafi na 9

To, masu cewa "Inna a ci gaba, Inna a ci gaba," ga ni. Mai danna mini rubutun ta ce kun cika mata salula, wayar hannu ke nan, da ƙorafi. Ku yi haƙuri, bakin tsohuwa ba injin niƙa ba ne, sai ya sha fura yake tashi.

Wanda ya makara ya matso. Shekarar da soja sunka ce za su miƙa mulki ce. An yi zaɓe zagaye na farko ana jiran na biyu, tawadar ma ba ta gama fita daga farcena ba. Jikata Basira, mai karatun na'ura a babbar lakol, jami'a ke nan, ta Maradi, ta dawo mana Gidan Sori da ido ja. Sau biyu tana rubuta takardar aikin da take so ta ƙera don gama karatu, sau biyu malaminta na maido mata. Ya ce abin mutanen wata ƙasa ta kwaso. Ta koma garinsu ta nemo abin da ke damun mutanenta, ta rubuto yadda na'ura za ta yi maganinshi. In ya maido ta ukku, shekara ta faɗi. Ubanta kuwa, ba ni faɗin sunanshi, ɗan fari ne, ya rantse in shekara ta faɗi, ita da lakol sai a mafarki.

Nan munka tsaya.

Hantsi ya ɗaga ta shigo, ta jefar da kaye da bik, littafinta da alƙalaminta, bisa tabarmata.

"Kaka, mutanen garin ga ba su da matsala."

"Alhamdu lillahi."

"Kin ji! Abin da kowa ke ce mini ke nan! Na shiga gidan Rabo, matarshi Lantana na daka da goyo, gefen ɗakinta ya zube. Na ce Yaya Lantana mi ke damunku? Ta ce sai alheri. Na je rijiya, igiyar Baba Gado ta tsinke a gabana, guga ya tafi ƙasa. Na ce Baba mi ke damunku? Ya ce sai godiya. Wani ma tambayata ya yi wace jam'iyya ta aiko ni."

Na dube ta. Karatu ya tsotse yarinya, wuya kamar na zalɓe.

"Da takarda a hannu kika je?"

"I mana."

"Ke da sunka ci tuwon sunanki, ki tsaya gabansu da bik ki ce su kwance ma kansu zani a kasuwa?"

"To ƙaƙa zan yi, Kaka? Jibi zan koma."

"Miƙo mini mayafina."

Ban yi nisa ba. Bakin injin niƙa na iske Tala, ƙawata tun muna ƴan mata. Ita ce wadda in kana so magana ta kai Tibiri kafin la'asar, sai ka roƙe ta ta rufa maka asiri.

Na ce, "Tala, kun ji daɗinku."

"Da mi?"

"Basira ta gama rubutu. Ta sa matan unguwarmu sun fi na ko'ina hutawa a ƙasar ga. Ba abin da ke damunsu, daga ci sai kwana. Takarda za ta Maradi, daga can Yamai. Duk wanda ya ci zaɓe, ita zai fara karantawa."

Tala ta sauke ƙwarya.

"Mu?"

"Ku. Amma don Allah ki bar shi a cikinki."

Na dawo gida na sa anka shimfiɗa duk tabarmin da muke da su.

Ni a tunanina, za su zo su yi kukan rijiya. Su yi kukan injin niƙa da ba ya mutuwa sai ranar biki. Su yi kukan nisan likita. Yarinya ta zaɓi guda ta rubuta, a ce Kaka ta yi dabara.

Kafin su iso bari in tuna ma masu mantuwa da salulata. Autana Maharazu ya aiko mini ita daga Kwatano. Lokacin nan mace mai salula a unguwarmu ni ɗaya ce. Rezo kuwa, wanda in ba shi kira ba ya shiga, bai san ƙofar gidan kowa ba sai reshen iccen bedin da ke tsakar gidana, nan nike rataye ta cikin safa. Mazan unguwa da sunka tafi cin rani, na Agadas, na Legas, na Abija, duk nan suke kira. In matar na kusa a kirawo ta. In ba ta kusa in karɓi saƙo. Kuma tun da ta faɗa cikin kunu ba ta magana sai da babbar murya, kowa ya ji. Wannan ba laifina ba ne, laifin kunu ne.

Ba a kira azahar ba gidana ya cika.

Lantana ce gaba, ko taɓaryar ba ta aje ba. Bayanta Hassana matar Haladu. Tala na can ƙarshe tana haki, ta gama aikinta.

Lantana ta ce, "Ina mai rubutun? Basira, mu ne masu hutu?"

Basira ta dube ni. Ni kuwa na dubi bedi.

"Yaya Lantana, ai ɗazu ke kika ce sai alheri."

"Gaisuwa kika yi na amsa! Ana faɗin ciwo cikin gaisuwa?"

"To yanzu ku faɗa. Ga bik, ga kaye."



Sunka dubi juna. Sunka dube ni. Sunka sake duban juna.

Na ce, "Ku faɗi mana, ƴaƴa. Ku fara da rijiya."

Hassana ta sunkuyar da kai. "Rijiya tun kakanni muke ja, Inna. Ba ta taɓa kai maganarmu gidan kowa ba."

Na ji wani abu ya sosa mini ƙeya.

Lantana ta doka taɓarya a ƙasa.

"Rubuta, Basira. Matsalarmu ga ta can rataye cikin safa. Ita da mai safar."

Jama'a, kun taɓa gina rami don kura, ka waiwaya ka ga zaninka ne a ciki?

Na ce, "Lantana, ni?"

"Ke, Inna. Yanzu demokaraɗiyya ce, kowa bakinshi ya buɗe. Watan jiya baban yaran ga ya kira ina gona. Ƴar Hassana ta ce tun tana shara kuke magana har ta gama wanke-wanke, kina ta dariya. Na dawo kika ce mini mi?"

"Na ce yana gaisuwa, a ɗaure akuya."

"Duk tsawon maganar nan akuya ce?"

"Sauran bai dace da bakina ba. Ni da ke shirin Makka in maimaita abin da Rabo ya ce? Ki gode Allah na tace miki."

Gida ya ɗauki shewa. Lantana ta rufe fuska da gefen zani, amma ba ta ja baya ba.

"Ai nawa ne! Ko bai dace ba, nawa ne!"

Na ga Basira ta ɗauki bik.

Na ce, "Ke, ja'ira, mi kike rubutawa?"

"Ba komi, Kaka. Ci gaba."

Hassana ta samu ƙarfi. "Ni kuma fa? Na haihu, maigidana ya kira daga Legas ya faɗi sunan da za a raɗa ma yaro. Inna ta ce Mubarak. Anka yanka rago, liman ya raɗa. Da ya dawo ya ce wane ne Mubarak?"

"Sunan uban gidanshi na can ya faɗa. Suna ne da ko ɗan akuya ba a sa ma. Na rufa ma jinjiri asiri. Yau wa ya ƙi Mubarak?"

"Ni ma na fi son Mubarak ɗin," in ji Hassana a hankali. "Amma da an tambaye ni."

"Kuma in kana nan ma ba ka tsira ba," wata ta faɗa daga baya. "Kana magana da mijinka, Inna na zaune bisa tabarma tana gyara mishi zance."

"Gidana ne. In tashi in bar muku bedina?"

"Ran nan har ce mishi kika yi ƙarya yake!"

"Da gaskiya yake?"

Ta kau da kai. Na ce, "To."

Ina jin daɗin yadda nike ture su ɗaya bayan ɗaya, sai Tala ta matso. Tala dai, ƙawata. Wadda munka sha ƙunshi rana ɗaya.

"Gimbiya."

"Na'am."

"Ɗana ya ce ya aiko mini atamfa. Kafin mota ta iso duk gari ya san kalarta. Ranar sallah mu huɗu munka fito da ita."

"Ke ce za ki yi ma wani gorin yaɗa magana, Tala?"

"Ni tawa a ƙafa take tafiya. Taki daga sama take saukowa."

Anka yi dariya, ni ma na yi. Ita ba ta yi ba.

"Ba ki lura ba? Kwanan nan ranar kasuwar Cadakori unguwa na yin fayau?"

"Kasuwa ce. Ana zuwa."

"Ba mu sayo komi. Amalanke muke hawa mu je rumfar mai cajin salula, mu ara mu kira. Baƙo ne, bai san mu ba, ba mu san shi ba. Wuni guda muke kashewa don mu ce ma namu kalma biyu ba da kunnenki ba."

"Har da ke?"

"Ni ke tara su."



Ni da nike cewa kira ya ragu don maza sun tafi kamfen. Ashe zagaye ni ake yi kamar kududdufi.

Na juya in ga ko jikata za ta tare mini. Wa! Yarinyar da ta shigo da hantsi kamar kazar da ruwa ya doka, ga ta ta durƙusa, bik na gudu, ido na walƙiya.

"Yaya Lantana, ku nawa ke zuwa Cadakorin? A'a, bari, zan bi ku ɗaya ɗaya. Wayyo Allah, Kaka! Wannan ce! Wannan ce malam yake nema!"

"Ni ce yake nema?"

"Matsalar! Mata da yawa, salula ɗaya, ba mai karatu a cikinsu, kuma kowa na son sirrinta. Ba wanda ya rubuta wannan a ajinmu!"

Ta tashi ta rungume ni. Ana tsige ni a gidana, ita tana murna.

Hassana ta ce, "To mi na'urar za ta yi? Za ta toshe ma Inna kunne?"

Basira ta goge ido. "Ku saurara. Kun san rumbu? Kowace mace zan gina mata rumbunta, amma na murya. Maigida ya kira, ko kina gona ko kina rijiya, ya zuba maganarshi ciki. In kin dawo ki ɗauki salular ga, ki sa igiyar kunne, ki buɗe rumbunki ki ji da muryarshi. Ba mai tacewa."

"Har abin da bai dace ba?" in ji Lantana.

"Shi zai fara fitowa."

Shewa ta sake tashi.

Tala ta ce, "Da mi za mu buɗe? In lamba ce, ni ban san bakwai daga sanda ba. Kuma in na faɗa ma wani ya danna mini, an koma gidan jiya."

Basira ta tsaya. Ta ciji bik. Na ce a raina, yawwa, ga inda jaki zai kwanta.

Lantana kuwa haushi bai sake ta ba, tana ta doka taɓarya a ƙasa. Dum, dum-dum, dum. Basira ta ƙura ma taɓaryar ido.

"Yaya Hassana, in kina ɗaki kika ji daka a unguwa, kina gane ta wa ce?"

"Ko barci nike. Luguden Lantana daban, na Inna Tala daban."

"To shi ne makulli. Ba lamba. Maɓalli ɗaya, ki buga lugudenki da yatsa, rumbu ya buɗe."

Na ce, "Kayya! Ni da na san luguden kowace a unguwar ga tun tana amarya?"

"Sani daban, hannu daban, Kaka. Buga na Yaya Lantana mu ji."

Na buga da yatsa bisa ƙwarya. Tsakani da Allah na buga shi daidai.

Gida ya kwashe.

"Inna, wannan ai tafiyar jakin Baba Gado ce!"

"Ƙwaryar ce ba ta da kyau."

Basira na dariya tana rubutu. "Ban sani ba ko na'ura za ta iya bambantawa. Shi ne abin da zan ce mishi zan gwada. In ya yi, ya yi. In bai yi ba, in rubuta dalili, in nemo wani makullin."

Ta cika shafi, ta juya, ta cika wani. Tana rubutawa tana karanta musu da Hausa, suna gyara mata. Lantana ta ce a sa maganar amalanke. Hassana ta ce kada a sa sunan yaro. Ban taɓa ganin matan unguwarmu sun haɗa kai bisa abu ɗaya haka ba, ko ranar rabon gidan sauro.

Can sai bik ya tsaya.

Basira ta dube ni. Irin kallon da take mini tana ƙarama in ta fasa mini tukunya.

"Kaka."

"Ba ni nan."

"Saura abu ɗaya. Sai na rubuta inda za a yi gwajin, da salular da za a yi shi da ita. Kuma malamin nan ba ya yarda da takarda kawai, an sha yi mishi ƙarya. Sai ya ji daga bakin mai wurin cewa ta yarda."

"In ban yarda ba fa?"

"Ba wata salula, ba wani rezo. Takardar ta zama tatsuniya. Ya maido ta."

Ba ta roƙe ni ba. Jinina ce, ba mu iya roƙo ba.



Bari in gaya muku abin da ban gaya musu ba. Tun da maigidana ya rasu, bedin nan ba ta ga mutane ba sai da salula ta zo. Da safe sallama, da marece sallama. Wannan ta kawo ɗan goro, waccan ta zauna ta tsefe mini kai tana jiran kira. Tsohuwa ba tuwo kaɗai ke riƙe ta ba.

Lantana ta aje taɓarya, ta durƙusa gabana.

"Inna, soja ma da bindiga ya ce zai sauka. Bare ke."

"Soja ba da kuɗinshi ya sayi ƙasar ba. Ni ɗana ya sayo mini."

"Ai ba ƙwace ta za mu yi ba. Rezo na gidanki. Nan za mu zo, nan za mu zauna. Mu da ke kashe wuni a Cadakori, nan za mu kashe shi."

"Kuna sa igiya a kunne kuna murmushi, ni ina kallo kamar kurma?"

Tala ta ce, "Haba Gimbiya. Ke da ke karanta fuska kamar allo? Kuma ni in na ji nawa, cikina zai riƙe?"

Wannan kam gaskiya ce. Na auna ta, na ga ba duka na rasa ba.

Na dubi Basira. Yatsunta duk tawada, tana yi kamar ba ta damu ba. Tun tana ƴar tatsitsiya take kwance rediyon kakanta ta kasa maidawa. Wannan ce za a ce ta dawo ta zauna tana tsince wake?

Na gyara ɗaurin kallabi.

"Ina da sharaɗi."

"Faɗi, Kaka."

"Har na'urarki ta tashi, ni ke riƙon ƙwarya. Saƙo ta hannuna zai bi."

"Ba tacewa," in ji Lantana.

"Rabo ya gyara bakinshi, in bar tacewa."

"Inna!"

"To, na ji. In na zo wurin da bai dace ba sai in rufe ido in faɗa. Kunyar taki ce."

Basira ta ce, "Shi ke nan?"

"Saura. Wurin matsalar nan, mi kika rubuta? Wa kika ce?"

"Ban sa sunanki ba, Kaka, wallahi. Na sa mai riƙe da salula. Haka ake yi, don a rufa ma mutum asiri."

"Goge. Sa Gimbiya. Matsalar da za ta Maradi a karanta ta gaban manya ba ƙaramar matsala ba ce. Wata can ta ci sunan a banza?"

Hassana ta faɗi bisa Tala don dariya. Wata ta rangaɗa guɗa, sai ka ce amarya anka kawo. Basira na dariya hawaye na zuba bisa kaye, tana karewa da hannu kada rubutu ya jiƙe.

Na ce, "Ciro safar. Kira shi yanzu, tun ban sake shawara ba."

"Yanzu? Kaka bari in shirya miki abin da za ki ce. Mutumin nan ba ya wasa. Shekara ukku ba wanda ya ga haƙorinshi. Ki ce kin yarda kawai, ki yi shiru. Kin ji? Kin yarda, shi ke nan."

"Yau na fara magana da namiji a salula?"

Ta danna. Mata sunka matso har muna shaƙar numfashin juna. Ta yi ƙara, ta yi ƙara, sai anka ɗauka.

Basira ta durƙusa ƙasa kamar yana ganinta. Ta yi ta zuba Faransanci, murya ƙanƙanuwa. Shi kuwa daga "hm" sai "hm". Can ya faɗi wata gajerar magana mai sanyi kamar ruwan randa. Ta miƙo mini salula, ta haɗa hannu biyu tana roƙona da ido.

Na ce, "Salamu alaikum."

Ya amsa. Ya gaishe ni da Hausa, amma Hausar na ɗingishi.

"Tsohuwa, an ce salula naki ne. Kin yarda a yi aiki da shi, ko ba ki yarda ba? Ina da aji, ki yi sauri."

Na saurara da kyau. Kunnen da ya shekara yana tace muryar maza ba ya ɓata.

"Malam, kafin in amsa. Kai ɗan ina ne?"

Basira ta dafe ƙirji.

Ya ce, "Doso. Mi ya kawo wannan?"

Doso! Ashe duk wanga tashin hankali, Bazabarme ne ke wahal da jikar Gobirawa. Abokin wasanmu tun kakanni, wanda in mun haɗu a hanya sai ya sauke mini kaya in zage shi ya yi godiya. In dai ya san gida. In kuma lakol ta wanke mishi kai, to, shekarar yarinya ce a bakina.

Basira ta gane. Ta kama gefen zanina. "Kaka, don girman Allah. Kaka, a'a."

Na shafa tsagen kumatuna, na gyara zama.

"Kai, bawana. Aje allin nan ka miƙe tsaye. Uwargijiyarka ke magana."

Basira ta ɗora hannu biyu a ka.

Daga can Maradi, ko numfashi ba mu ji ba. Nan za mu tsaya, sauran sai shafi na gaba.